Tafiyar ƙafa a gaɓar teku: wace hanya za a bi, wane takalmi za a saya?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan tafiyar ƙafa ta hanyoyin da ke bin bakin teku, a saman duwatsu masu tsayi, daga wannan ƙauyen masunta zuwa wancan. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, ni da mai ɗakina mun samu hutun mako guda. Mun ga hotunan Cinque Terre a Italiya, wani abokin aikina ya ce Fotugal ta fi, wani kuma ya ce Ingila. Ba mu taɓa irin wannan tafiya ba. Ina za mu nufa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya. Hotunan wuraren nan uku sun yi kama, amma ƙafa ba ta ganin su ɗaya.

Cinque Terre ƙauyuka biyar ne a bakin Bahar Rum: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Hanyar da ta haɗa su, Sentiero Azzurro, kimanin kilomita 12 ce kacal, sai dai tana da matakala da yawa. Daga Monterosso zuwa Vernazza bai cika kilomita 4 ba, amma yakan ci kusan awa 2. Daɗinta shi ne jirgin ƙasa yana tsayawa a kowane ƙauye, in gwiwa ta gaji sai ku hau. Wahalarta cunkoso. Tun da UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 1997 jama'a ke tururuwa, har takan kai mutum ya manna da bango a ƙunƙuntar hanya don wasu su wuce. Sai kun sayi katin shiga na Cinque Terre Card kafin ku bi wasu sassan, kuma zaftarewar ƙasa kan sa a rufe hanya. Sashen Via dell'Amore tun 2012 aka rufe shi bayan faɗowar duwatsu, bai sake buɗewa ba sai 2024.

Hanyar Ingila, South West Coast Path, babbar aba ce: kilomita 1,014 daga Minehead zuwa Poole. Asalinta sawun masu gadin gaɓa ne da ke sintirin 'yan fasa-ƙwauri, shi ya sa take leƙa kowane lungu, ta sauka kowane kwazazzabo ta sake hawa. In aka haɗa hawanta duka ya kai mita dubu 35, kusan tsayin dutsen Everest sau huɗu. Ana iya yankar wani sashe a Cornwall, wajen Port Isaac ko Polperro, amma ga sabon shiga hawa da gangarar nan da ruwan sama marar alƙawari sukan kashe jiki tun rana ta biyu.

Ni dai Fotugal zan ce ku je. Hanyar Masunta, wadda suke kira Trilho dos Pescadores, tana kudu maso yammacin ƙasar, tsawonta kimanin kilomita 226 a zango 13. Ba sai kun gama ta ba. Zango huɗun da aka fi bi, daga Porto Covo zuwa Vila Nova de Milfontes, Almograve, Zambujeira do Mar, a ƙare a Odeceixe, wajen kilomita 75 ne, sun yi daidai da hutunku har da ranar hutawa. Hanya ce da masunta suka taka da ƙafarsu suna neman wurin jefa ƙugiya, an yi mata alama da layi kore da shuɗi. Hawan ba shi da yawa. Abin da ke gajiyarwa yashi ne mai laushi, wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, musamman ranar farko. A Cabo Sardão, wani tsinin gaɓa da ke kan hanyar, za ku ga fararen shamuwa sun yi sheƙa a kan tsinin dutse, igiyar Atlantika na dukan gindinsa, su kuwa ko a jikinsu. Don wannan kaɗai tafiyar ta biya. Ku guji Yuli da Agusta, domin babu inuwa. Afrilu, Mayu ko Oktoba sun fi. Sharaɗi ɗaya: in ɗayanku na jin jiri idan ya leƙa ƙasa daga wuri mai tsayi, ku faɗa wa juna gaskiya tun a gida, don akwai inda hanyar ke bin bakin dutse ba shinge.

Tambaya: Malam, na ga wani takalmin hawan dutse mai dogon wuya, na fata, wai ruwa ba ya shigarsa. Yana da tsada. In saya, ko kambas ɗina na motsa jiki ya isa?

Amsa: Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna har ki san ƙasar da za ki taka. Babban takalmin nan an yi shi ne don mai ɗauke da kaya masu nauyi a kan tsakuwa da taɓo. A hanyar Ingila lokacin damina yana da amfani. A yashin Fotugal kuwa nauyi ne kawai za ki riƙa ja, ga zafi, ga gumi, kuma takalmin da ba ya barin ruwa ya shiga, in ruwan ya zubo ta wuya ba ya barin sa ya fita da wuri.

Kambas ɗin motsa jiki ma ba shi ba ne, saboda ƙasansa sumul yake, dutsen da gishirin teku ya jiƙa kuma santsi gare shi kamar kuɓewa. Abin da ya dace da yawancin hanyoyin gaɓa shi ne mai gajeren wuya da aka yi don gudu a daji: marar nauyi, ƙasansa da haƙora masu zurfi. Juya shi ki duba. Haƙoran su kai milimita 4 zuwa 5, robar kuma ki danna ta da farce ki ji tana ɗan lotsawa.

Girman ya fi sunan kamfani muhimmanci. Ki gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ki yi tafiyar da ita. Ki bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarki da gaban takalmin. In babu wannan fili, a kowace gangara yatsu za su riƙa dukan gaba, ƙarshenta farce ya yi baƙi ya cire. Dunduniya kuma kada ta riƙa zamewa sama da ƙasa, nan bororo ke farawa. Safar auduga tana riƙe gumi, ki nemi ta ulu ko ta zaren roba, ƙafa biyu ko uku. Sannan kada ki fito da takalmi daga kwali ranar tafiya, ki yi makonni kina yawo da shi. Silifas kuwa sai a masauki. A Cinque Terre tun 2019 hukuma ta sanar da tarar yuro 50 zuwa 2,500 ga mai bin hanyoyin da takalmin da bai dace ba, saboda yawan waɗanda ake zuwa ceto.

Tambaya: Sandar tafiya da rigar ruwa, dole ne?

Amsa: Rigar ruwa dole ce, Malam, ko da sama ta yi tas da safe. A saman dutsen gaɓa iska ba ta da abin da ke tare ta, lema kuwa juyewa take yi, ta ma ja mutum. Sayi mai hula da ake tsukewa, wadda aka liƙe ɗinkinta ta ciki. Sanda ta danganta da gwiwa. In tana damunka a gangara sayi guda biyu masu naɗewa, amma ka sani yawancin filayen jirgin sama ba sa barin a shiga da su a jakar hannu. Jakar goyo mai cin lita 20 zuwa 30 ta wadatar, da ruwan sha aƙalla lita 2, don tsakanin ƙauye da ƙauye ba lallai ka samu famfo ba.

Tambaya: Wani kamfani ya ce zai kama mana masauki, ya riƙa kai mana kaya gaba, ya ba mu ɗan jagora. Ya cancanci kuɗin?

Amsa: Hajiya, raba su uku. Kai kaya ya cancanta ƙwarai, kuma a waɗannan hanyoyi ana iya biyan sa shi kaɗai: ki bar akwati a masauki da safe, ki tarar da shi a na gaba da yamma. Masauki za ki iya kamawa da kanki, amma da wuri, watanni kafin tafiya, domin ƙauyen masunta ɗakunansa kaɗan ne, kuma a yankin Hanyar Masunta an hana kafa tanti a daji. Ɗan jagora ba dole ba ne a hanyar da ke da alama, in kin sauke taswira a waya yadda za ta buɗe ba intanet.

Akwai abin da kamfani ba zai ɗauke miki ba, shi nake so ki riƙe. A gaɓar Atlantika teku kan cika ya janye sau biyu a kwana, kuma lokacin yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika. Rairayin da kika gani shimfiɗe da hantsi, da azahar yana iya zama ruwa, dutse a bayanki ba wurin hawa. Don haka kafin ki sauka ki yanke ta bakin ruwa, duba jadawalin cikar teku na ranar, kyauta ne. A sama kuma kada ki matsa baki don hoto. Igiya tana cin dutsen ta ƙasa, ciyawar da kike gani a gefe wani lokaci ba komai a ƙarƙashinta. In kin ga an karkatar da hanya, bi karkatar ko da ta ƙara nisa. Lambar neman agaji a Fotugal da Italiya 112 ce, a Ingila 999, ki ce a haɗa ki da masu gadin gaɓa. Kullum da safe ki faɗa wa mai masaukinki sunan ƙauyen da kika nufa da lokacin da kike sa ran isa.