Kishiya, dadiro da ɗan daudu: wacce kalma ce ta dace da waƙar?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina fassara wata waƙar Amurka ne, mawaƙiyar tana cewa tana soyayya da mutum biyu, kowa ya san da kowa kuma sun yarda. A wani baitin kuma tace an haife ta namiji amma ita mace take jin kanta. Zan iya sa kishiya da ɗan daudu?

Amsa: Toh 'yar uwa, kishiya dai ba za ta shiga ba. Daga kishi kalmar ta fito, kuma sai an ɗaura aure ake samun kishiya, miji ɗaya mata biyu zuwa huɗu kamar yadda aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta iyakance, ga rabon kwana ga girki, ga uwargida ga amarya, wani gidan har da mowa da bora. Shi yasa ake cewa kishi kumallon mata, in ya motsa sai an haras. Ita kuwa mawaƙiyarki abinda take taƙama dashi shine wai babu kishin, babu auren ma. Turawa sun ƙirƙiro wa abin suna wajen 1990, foliyamori, rabi Girkanci rabi Latin, wato so mai yawa.

Dadiro ya ɗan matso tunda zama ne babu aure, amma shi tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya ne, kuma in an faɗe shi da zargi ake faɗa. Kwarto kuwa a ɓoye yake shiga gidan wani, nan kuma ba'a ɓoye komai ba.

Ɗan daudu nafi so ki kula dashi. Daudu kirarin Galadima ne, a bori ma ana kiran aljanin nan Ɗan Galadima da shi. Bahaushe na cewa ɗan daudu ga namijin da ya ɗauki salon mata, magana, rangwaɗa, ɗaura zani, dafa abincin sayarwa a tasha, ga iya habaici. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, kuma mutane a maza suke lissafa su. Abinda baitin yake faɗa daban ne, magana ce ta yadda mutum yake jin kansa a zuci.

Don haka ki warware shi da jimla kawai: "tana soyayya da mutum biyu da saninsu", "an haife ta namiji tana jin kanta mace". Mai karatu na da hakkin jin abinda aka rera daidai, ko ya yarda dashi ko bai yarda ba.