Kada ka sayar da lens ɗin nan tukuna

Ɗan'uwa, tambayar nan taka ta taɓa ni. Ka ce hotunan ƙwarin da kake ɗauka a daji duk dishi-dishi suke fitowa, in ƙafa ta fito ido ya ɓace, har kana tunanin sayar da lens ɗinka na makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, mai milimita 100 ka nemi wanda ya fi shi. Don Allah kada ka yi. Babu wanda ya kama wannan aiki bai sha wannan takaicin ba. A allon kyamara hoto ya yi kyau, mutum ya koma gida yana murna, ya buɗe a kwamfuta ya tarar gashin bayan ƙuda ne ya fito ras, idon kuwa kamar an shafa masa mai. Hoto ɗari biyu, gwiwa duk ƙaya, wuya ya sage, a ƙarshe babu guda na nunawa. Abin da ya fi ciwo ma, wanda ƙwaron ya tsaya a yadda ake so, shi ne ke lalacewa.

Lens ba shi da laifi. Idan ka kai girman 1:1, wato ƙwaron ya fito a kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, daidai da girmansa na gaske, a f/8 (lambar f tana ƙaruwa, ƙofar hasken lens tana matsewa), wurin da ke fitowa tsaf bai wuce kusan milimita 1 ba, a f/16 kusan milimita 2. Numfashinka kawai ya isa ya kai ka gaba ko baya fiye da haka. Kada kuma ka ce bari ka matse zuwa f/22 ka huta, domin a 1:1 ƙofar hasken tana aiki ne kamar ninki biyu na lambar da ka sa, wato f/22 ta zama kamar f/44, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ƙurar da ke kan sensa ita ma ta fito ɗigo-ɗigo. Tsaya tsakanin f/8 da f/13.

Kashe fokas na otomatik. Murɗa zoben fokas da hannu zuwa girman da kake so ka bar shi, sannan ka riƙa matsawa da jikinka a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Da ido ya fito, danna, uku ko huɗu a jere. Idon kake nema. In ya fito, mai kallo zai yafe maka fiffike. Ka kuma daidaita kyamara da gefen jikin ƙwaron, kada ka zo masa a karkace, sai kai da ciki su faɗa layi ɗaya. Idan akwai iska, kama reshen da ƙwaron ke kai da hannun hagu ka ɗora bakin lens a kan wannan hannun, in ya motsa ku motsa tare.

Sai filash, wanda ni a ganina rashinsa ne rabin matsalarka. Sa shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/200 na daƙiƙa, ko iyakar da kyamararka ke yarda da filash, ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, 100 zuwa 400, filash kuma ka fara da 1/16 na cikakken ƙarfinsa. Walƙiyarsa a wannan ƙarfin gajeriya ce ƙwarai, ita ke daskarar da motsi, ba shota ba. Amma filash tsirara yana ƙona bayan buzuzu da duk ƙwaro mai sheƙi, ya bar farin tabo. Yi masa mayafi da farar takarda mai kauri ko siririn farin soso, ya lanƙwaso ta saman lens kusa da ƙwaron. Iya girman mayafin da kusancinsa, iya laushin hasken. In bayan hoton ya yi baƙi ƙirin, ba lalacewa ba ce, hasken ne bai kai can ba. Ɗaga ISO zuwa 800, ko ka nemi kusurwar da ganye ke kusa a bayansa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu sa irinka su raina kansu. Wasu hotunan da kake gani, kowane gashi a fili tun daga kai har wutsiya, ba hoto ɗaya ba ne, hamsin ne ko ɗari aka haɗa a kwamfuta. Haɗawar ba laifi ba ce. Laifin shi ne wanda zai kama ƙwaro ya saka a firji har ya sandare, ko ya kashe shi, ya ɗora a kan fure, ya fesa ruwa ya ce raɓa ce, sannan ya ce a daji ya same shi. Duba ƙafafun, za ka gan su a nannaɗe ƙarƙashin ciki, ba su riƙe komai ba. Sabon shiga ya gani ya ɗauka kayan aikinsa ne ba su da kyau. Haba! Wannan zalunci ne ga ƙwaron da kuma mai koyo.

Maganar tashin ƙwari in ka matso kuwa, fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Jikinsu da ɗumin waje yake aiki, da sanyin safiya malam-buɗe-littafi ma sai ya zauna maka. Kada inuwarka ta faɗa kansa, ka zo ta ƙasa, ba ta sama ba. Lens ɗinka yana ba ka tazarar kusan santimita 14 daga bakinsa, wanda ƙaramin lens ba zai ba ka ba. Mazari in ya tashi kada ka bi shi, sau da yawa kan tsinken nan zai dawo, ka zauna ka jira. Fara koyo da ƙoƙi-ƙoƙi ko fara, suna da haƙuri. Rina dai ka ɗauke ta a kan fure tana ci, kada ka kusanci gidanta da filash.