Tambayoyi da Amsoshi: Manhajar Waya da Zaɓen Allon Hawan Igiyar Ruwa

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga masu wasan hawan igiyar ruwa suka fito, kuma sun taru a kan saɓanin da ke tsakanin abin da waya ta faɗa game da allon da ya dace da su da abin da teku ya nuna musu bayan sun shiga ruwa.

Tambaya: A shafin da nake duba alluna, ƙarƙashin kowane hoto sai in ga lambobi uku, misali 6'2" x 19½" x 2½". Wayata ce ta hargitsa rubutun?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, Malam. Tsawo ne da faɗi da kauri, a ma'aunin ƙafa da inci wanda masu sassaƙa alluna suke riƙe da shi har yau. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, inci kuma 2.54, don haka tsawon wannan allo kusan santimita 188 ne, faɗinsa 49.5, kaurinsa 6.35, kuma kalkuletar wayarka za ta yi maka wannan aiki idan ka daure ka buɗe ta. In ka ninka ukun za ka sami kusan lita 59, amma tun da hanci da wutsiya da gefuna duk a fiƙe suke, ainihin jikin allon ɗan fiye da rabin haka ne, wato wajen lita 32.

Tambaya: Nauyina kilo 75, kuma ban daɗe da fara koyo ba. Na sa nauyina a manhajar da ke lissafa girman allo, a wurin matakin iyawa kuma na zaɓi "ƙwararre" domin ina son allon da zan daɗe da shi, sai ta ba ni lita 27. Na sayi gajeren allo mai wannan girma, amma kullum igiya wucewa take ta bar ni ina ta tuƙi da hannu. Manhajar ce ta lalace?

Amsa: Manhajar ba ta lalace ba, ɗan'uwa. Ƙarya ka yi mata, ita kuma ta yi maka lissafi a kan ƙaryar. Irin wannan wasiƙa tana ɓata mini rai ƙwarai, domin na san ƙarshenta: mutum ya jingine allo a bango ya ce wasan ba nasa ba ne, alhali ba jikinsa ne ya gaza ba.

Babu wani siddabaru a cikin irin wannan manhaja. Nauyinka take ɗauka ta ninka da wata lamba da ta dogara ga matakin da ka danna. Ga wanda ya ƙware, lambar tana wajen 0.35, wato kusan sulusin lita ga kowane kilo, shi ya sa ta ba ka abin da ta ba ka. Ga ɗan koyo kuwa tana kusantar lita guda ga kowane kilo, don haka da ka faɗa mata gaskiya, da ta tura ka wajen allon soso, wato mai laushin jiki na 'yan koyo, mai ƙafa 8 wanda yakan kai lita 70 zuwa 85. Dalilin tsohuwar doka ce ta Arkimidis, masanin lissafi na tsohuwar Girka: kowace lita da ta nutse a ruwan teku tana ɗaga nauyin da ya ɗan haura kilo ɗaya. Idan mai kilo 75 ya kwanta a kan lita 27, cikinsa da cinyoyinsa a ruwa suke, suna ja da baya a kowane tuƙi, igiya kuwa ba ta ɗaukar wanda gudunsa bai kusanci nata ba. Ƙwararre yana cike wannan giɓi da ƙarfin kafaɗa da sanin daidai inda igiyar za ta miƙe. Kai ba ka da ko ɗaya tukuna, kuma ba ka samun su sai ka hau igiyoyi masu yawa, abin da ƙaramin allo ba zai bar ka ka yi ba.

Sai dai ko da ka faɗi gaskiya, akwai abin da ya fi damuna, wato yadda mutane suka mayar da lita ta zama ita ce komai, kamar mai zaɓen takalmi da nauyinsa ba tare da ya duba ko na gudu ne ko na hawan dutse ba. Lita tana gaya maka yawan abin da ke jikin allo, ba ta gaya maka inda aka ajiye shi. Ga alluna biyu, kowanne lita 35. Na farko gajere ne mai faɗi da kauri, wutsiyarsa a tsage gida biyu, irin mai siffar kifi da mai sassaƙa alluna Steve Lis ya ƙera a San Diego ta Amurka a 1967. Na biyu ya fi shi tsawo da inci goma, siriri ne, wutsiyarsa kuma ta tsuke zuwa tsini. A wurin manhaja tagwaye ne, a cikin ruwa kuwa na farko yana tashi da gudu a kan igiya mai rauni wadda ba ta wuce ƙugu ba, na biyu kuma nutsewa zai yi ta yi a kanta, sai an kai shi igiya mai tsayi da ƙarfi sannan a ga amfaninsa.

Idan kana son ka gane allo, kwantar da shi a daɓe mai laushi, cikinsa na ƙasa, ka durƙusa ka dube shi daga gefe. Za ka ga hanci da wutsiya sun ɗaga sun bar ƙasa, kuma yawan wannan lanƙwasa ita ce babbar magana. Allo mai ƙarancin lanƙwasa yana zamewa da sauƙi, yana kama igiya da wuri, amma idan fuskar igiyar ta miƙe sosai sai hancinsa ya caki ruwa ya kifar da kai. Mai yawan lanƙwasa yana shiga cikin gangaren igiya daidai, amma a kan mai rauni tura ruwa yake yi a gabansa, ya gajiyar da kai. Bayan haka ka shafa gefunan da tafin hannunka. Masu kauri da zagaye suna yafe kuskure, sirara kuma suna cizon ruwa su riƙe allon a lokacin gudu. Wutsiya mai faɗi tana ɗaga ka inda ƙarfin igiya ya yi kaɗan, mai tsini tana kafa ka inda ya yi yawa. Fikafikan da ake kafawa a ƙarƙashin allo wajen wutsiya ma haka: biyu suna ba da gudu da sakewa, uku kuma, tsarin da Simon Anderson ɗan Ostiraliya ya fito da shi a 1980, suna ba da riƙo a lokacin juyi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga lissafin da aka yi maka.

Ka ajiye gajeren allon, ba asara ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Ka nemi na soso mai ƙafa 8, daga nan ka sauko zuwa matsakaici mai ƙafa 7, a hankali. Sannan ka ɗauki ɗabi'ar da nake ta nanata wa kowa: duk ranar da ka fito daga ruwa, buɗe wurin rubutu a wayarka ka sa tsayin igiya, da daƙiƙoƙin da ke tsakaninta da mai bin ta, da inda iska ta fito, da allon da ka hau, da yawan igiyoyin da ka kama. Bayan 'yan watanni wannan rubutu zai fi kowace manhaja sanin abin da ya dace da kai.

Tambaya: Manhajar hasashen teku ta nuna tsayin igiya mita 1.5 ranar Asabar, na je da allona mai faɗi na ji daɗi. Ranar Talata ta sake nuna mita 1.5, na koma da shi, igiya ta yi ta jefa ni hanci ƙasa. Wace manhaja zan koma?

Amsa: Kada ki koma ko'ina, Malama, ki dai matsa da idonki zuwa lambar da ke kusa da tsayin, wadda aka rubuta da daƙiƙa. Ita ce tazarar lokaci tsakanin igiya da mai bin ta, kuma ina kyautata zaton ta Asabar ba ta wuce 7 ba, ta Talata kuma ta kai 14. A ruwa mai zurfi, nisan da ke tsakanin ƙololuwa biyu shi ne daƙiƙoƙin a ninka su da kansu sannan a ninka da mita 1.56, wato kusan mita 76 ga ta farko, mita 306 ga ta biyu. Igiya tana fara jin ƙasan teku ne idan zurfi ya ragu zuwa rabin wannan nisa, don haka mai daƙiƙa 14 tun daga nesa take tattara kanta, kuma ƙarfin da take ɗauke da shi ninki biyu ne duk da tsayi ɗaya aka rubuta. Ta taso ne daga guguwa mai nisa, tana zuwa a jere, da sauri, ta miƙe tsaye. Mai daƙiƙa 8 zuwa ƙasa iskar kusa ce ta tayar da ita, kuma ita ce ta dogon allo ko mai siffar kifi. Daga 12 zuwa sama ki ɗauki wanda ya fi siranta da lanƙwasa, ya ɗan fi na kullum tsawo. Idan ta ninka tsayin mutum, wannan fagen dogayen alluna masu tsini ne da masu shekaru a ruwa.

Ki kuma sani cewa mita 1.5 ɗin matsakaicin kashi ɗaya cikin uku ne na igiyoyin da suka fi tsayi a can cikin teku, kuma guda ɗaya tana iya kusan ninka shi. Manhajoji irin su Windy da Windguru da Surfline suna ɗebo hasashensu ne daga manyan lissafe-lissafen kwamfuta, kamar WaveWatch III na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, waɗanda ke raba teku gida-gida masu faɗin kilomitoci, ba su san tudun yashin da ke gabanki ba. Nazare a ƙasar Fotugal shaida ce, inda wani rami mai zurfi a ƙasan teku yake tara igiya har Sebastian Steudtner ya hau mai mita 26.21 a 2020. Ki duba kibiyar iska, domin mai fitowa daga tudu tana gyara fuskar igiya, mai fitowa daga teku kuma tana ruguza ta, ki duba cikar teku da janyewarsa, sannan ki zauna a gaɓa minti goma sha biyar kafin ki zaɓi allo. Gani ya kori ji.

Tambaya: Ina so in zana allona a kwamfuta. Da me zan fara?

Amsa: Da manhajar zanen allo, wato Shape3d, ko AKU Shaper, ko BoardCAD wadda kyauta ce. Dukkansu suna lissafa lita yayin da kake jan layi, kuma suna fitar da fayil ɗin da injin sassaƙa ke karantawa. Kada ka fara daga farar takarda. Auna allon da ka riga ka sani, ka canza abu ɗaya kawai.

Tambaya: An rubuta IP68 a kwalin wayata. Zan iya shiga ruwa da ita in ɗauki hoton kaina a kan allo?

Amsa: A'a. Gwajin IP68, wato alamar juriyar waya ga ƙura da ruwa, a ruwa marar gishiri kuma marar motsi ake yin sa, igiya kuwa duka take yi, gishiri kuma yana cin ƙarfen ramin caji. Robar da ke toshe ƙofofin wayar tana saki da tsufa, kuma yawancin kamfanoni ba sa biyan ɓarnar ruwa a garantinsu. Ka bar ta a tudu, ko ka sa ta a jakar da aka yi don ruwa. Idan ta riga ta jiƙe, kashe ta, ka goge ta da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa mai tsabta, kuma kada ka sa ta a caji sai ramin ya bushe sarai.