Fijon da na gada ta fara hayaƙi: in gyara injin ko in sayo wani?

Wani mai fataucin hatsi daga Funtuwa ne ya aiko da tambayar wannan makon. Ya ce: "Ina da Peugeot 504 akori-kura da na gada wajen mahaifina, da ita nake cin kasuwannin Dandume da Bakori. Yanzu tana hayaƙi, tana shan baƙin mai, idan da lodi ba ta jan hawa. Bakanikena ya ce a sauke injin a yi masa obahol, wato a warware shi a yi masa gyara gaba ɗaya. Abokina kuma ya ce kada in yi asarar kuɗina, in je Ƙofar Ruwa a Kano in ɗauko injin Beljiyom. Kuɗin biyun kusan ɗaya ne. Wanne zan yi?"

Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi. Ni dai a wannan motar gyara na fi karkata a kai, amma da sharaɗi.

Ka fara duba shekarun abin da abokinka yake so ka saya. Faransa ta fito da 504 a 1968, ta daina yin ƙaramar motar a can tun 1983. Mu ne nan muka ci gaba da haɗa ta a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Ke nan duk injin 504 da za a ce maka daga Turai ya zo, ya yi shekaru masu yawa a duniya, wataƙila ma ya girmi naka. Sau da yawa kuma wanda aka wanke da fetur aka jera a gaban shago, daga wata motar nan gida aka ciro shi. Naka ka san ciwonsa, ka san wanda ya tuƙa shi. Wancan kuwa ƙararsa kawai za ka ji na minti biyar a ƙasa, ba lodi, ba hawa.

Sannan injin 504 mai fetur an yi shi ne don a riƙa gyara shi. Silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai da kawo a ciki, zare su ake yi a sa sababbi. Idan aka sa sabon silib da fistin da ringi da metal, aka wasa bawul, aka sa sabon gasket, kusan duk wurin da ke cinyewa ya koma sabo. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da shan mai da ka ambata, galibi daga nan suke.

Sharaɗin shi ne kada ka sayi ko ƙusa ɗaya sai an buɗe injin a gabanka. Biya kuɗin saukewa kawai, ka tsaya a duba abu uku: bulok (gangar jikin injin), karanshaf (sandar da fistin ke juya ta) da tof silinda (murfin saman injin). Idan bulok bai tsage ba, karanshaf yana da sauran naman da za a gurza a sa masa metal daidai da shi, tof kuma bai lanƙwashe ko ya ci ruwa ba, to gyara. A kai su wajen masu injin gurza ƙarfe a auna da ma'auni, kada a tsaya ga shafawa da yatsa. Idan biyu daga cikin ukun sun mutu, maganar abokinka ta tabbata, domin za ka sayi inji ne gunduwa-gunduwa a farashin da ya fi na ɗungurungum.

Akwai kuɗin da ban ga ka lissafa ba. Sauya inji aikin kwana biyu ne ko uku, obahol na gaskiya kuwa yakan ci mako biyu, har fiye idan kaya suka yi wuyar samu. Kai kuma kowace ranar kasuwa da motar ta kwana a gareji, hayar wata za ka biya. Ƙirga ranakun, ka ninka da kuɗin hayar, ka ɗora a kan kuɗin gyara. Shi ya sa nake roƙonka kada ka sauke injin nan da kaka. Lallaɓa shi da ƙarin mai da rage lodi har kasuwa ta lafa.

Idan dole ta sa ka sayi wani, a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar injin, da yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, sannan ka je a gyara takardun motar, tun da tsohuwar lamba ce a kansu. Tsohon injin kuma ka ajiye shi, kada ka ba 'yan jari-bola. Masu neman tsohuwar Fijo don sha'awa sun fi daraja wadda ke da injinta na asali. Don haka ne ma ba na son shawarar dasa mata injin wani kamfani: sai an yanka an yi walda, kuma ranar sayarwa za ka ji a farashi.

Inda obahol ya fi kashe mutane shi ne kayan jabu. Ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna da ƙafarka tare da bakaniken, ka ga kwali a rufe, ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire. A wanke lagireto a duba famfon ruwa a lokaci guda, don zafi ne ke lanƙwasa tof. Bayan an ɗaura, kilomita 1,000 na farko ba gudu, ba cikakken lodi, sannan ka juye man ka sa sabo, a sake ɗaure ƙusoshin tof kafin ka loda mata masara.