Biyan kuɗin wasannin bana gaba ɗaya

Malam, ka tambaya ko ka biya kuɗin kallon sababbin wasannin kwaikwayon da ƙungiyar nan ta Damagaram za ta gabatar bana gaba ɗaya, ko ka riƙa yankar tikiti ɗaya-ɗaya. Shawarata ita ce ka riƙa yanka ɗaya-ɗaya, sai dai idan sun rubuta a jikin tikitin cewa zai yi aiki ko an ɗage wasa.

Dalili kuwa, dandalinsu a fili yake, wasannin da suka faɗo cikin Yuli da Agusta kuma suna hannun damina. Bara mun taso tun daga Birni, muna zaune kan benci hadari ya haɗo daga gabas, aka kwashe lasifika a guje, kuɗinmu kuwa bai dawo ba.