Amsa ga mai neman teburin ɗora inji da kayan kwance tsohuwar DT175

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka samu tsohuwar Yamaha DT175, ka zaga Sabon Gari da Tudun Wada ba ka samu abin ɗora injin ba, balle kayan kwance shi. Wallahi na san wannan ciwon, duk mai riƙe da irin baburan nan a Zariya ya sha shi.

Abin ɗora injin kada ya hana ka barci, mai walda zai haɗa maka a wuni ɗaya. A samu ƙarfen angul mai faɗin milimita 40, a yi gindi kamar santimita 40 tsawo, 30 faɗi, a tayar da ƙafafu biyu gaba, biyu baya, a huda su daidai ramukan da injin ke kamuwa da firam. Dogayen kusoshin da suka riƙe shi a jikin babur su za su riƙe shi a nan. Sai dai a ɗauki awo da kwali ko da fankon kes, wato kwanon da ke rufe kayan cikin injin, kada a yi walda injin na ɗaure a kai, domin wutar tana bi ta cikin boris ta ɓata su. In za ka raba kes kuwa, kwantar da injin za ka yi a kan katako huɗu da aka buga kamar akwati, karanshaf ya samu wurin leƙawa ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne cire maganeto, wato faifan nan mai maganaɗisu da ke kan karanshaf, mai ba injin wuta. Don Allah, don Annabi, kada ka bari kowa ya kusance shi da guduma! Zai ce maka shekara ashirin yana wannan aiki, ya sa cizal ta baya, ya dinga dukan kan karanshaf. Maganeto zai fita, gaskiya ne, amma bakin zaren ya baje, noti ba zai sake hawa ba. Maganaɗisun ya yi rauni, wuta ta ragu. Mafi muni, karanshaf ɗin ya goce, alhali gocewar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.03 ba. Daga nan sai ya cinye boris, ya cinye sil na hagu, wato robar da ke toshe gefen karanshaf, iska ta riƙa shiga, mai ya yi ƙaranci, fistin ya kama a tsakiyar hanya. Sannan mutumin nan ya dube ka ya ce ai babur ɗin ne ya tsufa. Injin da ya rayu shekara arba'in, a kashe shi cikin minti biyar, kuma kayansa ba a kan titi suke ba. Abin yana ƙona min rai.

Da fula ake cire maganeto, wato ƙarfen da ake murɗawa a cikinsa ya zaro shi. Wadda kake buƙata mai zare M27 x 1.0 ce, zaren hagu. Ka tambayi masu kayan baburan Sin fula mai kai biyu, 24 da 27, ɓangaren 27 ɗin shi ne naka. In babu, Kofar Ruwa a Kano, ko a yanka maka a Panteka ta Kaduna, ka tafi da maganeton wani don gwaji. Cire noti da wasan da ke ƙarƙashinsa (zoben ƙarfe) tukuna, mutane suna mantawa da wasan. Murɗa fular hagu har ta shige duka, domin zaren siriri ne, in uku kawai ya kama zai tsige. Shafa giris a bakin kusar tsakiya, ɗaure, ka ɗan ƙwanƙwasa kan kusar fular, maganeton zai saki. Fula mai ƙafa uku tana lanƙwasa shi, bar ta. Ka adana ɗan makullin nan mai kamar rabin wata da ke riƙe maganeto a kan karanshaf.

Kusoshin murfi kuma, masu ɗigo a kai na ma'aunin Japan ne, JIS, shi ya sa sukurudireba ta kasuwa ke cinye kansu. Nemi ta bugawa da guduma, baki mai lamba 3. Zana hoton murfin a kwali ka soke kowace kusa a wurinta, tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ni dai shawarata ka maye su da na alanki M6, kada ɗaurin ya wuce Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, alminiyon ne.

Abin riƙe kuloci ba sai ka saya ba: tsofaffin farantan kuloci biyu na ƙarfe, a yi musu walda da mariƙi. Masu cusa sukurudireba a kwandon kuloci su ke karya masa yatsu.

Wajen mayar da boris, ɗumama kes har ɗigon ruwa ya yi tsalle, boris ɗin kuma ya kwana a firiza, zai zauna da kansa. Karanta lambar tsohon, ka sayi mai alamar C3, wato mai ɗan sararin ciki don zafi, ka canza sil biyun gaba ɗaya. In ka ga farin hayaƙi mai yawa kuma man giya na raguwa, sil na dama ne ya mutu.

Af, famfon nan da ke tura wa injin baƙin mai, in an taɓa cire tiyonsa sai an fitar da iska ta ƙaramar kusar da ke jikinsa kafin a tayar. Turo mana hoton lambar injin, mu gani ko wutarsa ta fayint ce ko ta CDI, wato akwatin wuta na lantarki.