Tambaya da Amsa: Awon rabin da'ira

Tambaya: Malam, ni mai walda ne a Kano. An ba ni aikin ƙofa mai faɗin santimita 140, ana so samanta ya zama baka, rabin da'ira cif. Tsawon ƙarfe nawa zan yanka?

Amsa: Fara raba faɗin ƙofar biyu, ka samu 70. Wannan 70 ɗin shi ne nisan tsakiya zuwa ko'ina a jikin bakan, shi ne kuma tsayinsa. Ninka shi da 22, ka raba da 7, za ka samu santimita 220. Tsawon ƙarfen da za ka lanƙwasa ke nan. In akwai miƙaƙƙen ƙarfe a gindin bakan, ƙara 140, jimla 360. Nan ɗalibai ma suke faɗuwa a jarabawa: su raba kewayen da'ira biyu, su manta da miƙaƙƙen layin ƙasa.

Amma ka kula da kaurin ƙarfe, don shi ke ɓata wa masu walda aiki. Idan aka lanƙwasa ƙarfe, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana matsewa, tsakiyarsa ce kawai ba ta canza tsawo. Saboda haka in 140 awon waje ne, kaurin ƙarfen kuma santimita 2, cire rabin kaurin daga 70, da 69 za ka yi lissafi, ka samu kusan 217. In ka yanka 220, bakan zai fi ƙofar faɗi.

Farantin da zai rufe bakan kuwa, ninka 70 da 70, ka ninka da 22, ka raba da 7, sannan ka raba biyu: murabba'in santimita 7,700. Sai dai daga faranti mai 140 da 70 za ka yanko shi, don haka kuɗin murabba'in santimita 9,800 (140 sau 70) za ka caji mai aiki.

Tambaya: Magini ne ni daga Maraɗi. Yaya zan tabbatar katakon da zan ɗora bakan ƙofa a kai bai karkace ba?

Amsa: Kafa ƙusa a tsakiyar faɗin, ka ɗaura igiyar da ba ta miƙewa, ka zagaya da ita. Dole bakinta ya taɓa katakon ko'ina. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da ake danganta wa Thales na Girka: layi biyu da suka taso daga gefunan faɗin suka haɗu a jikin bakan, kusurwarsu digiri 90 ce. A baka mai faɗin 140, duk wurin da ke nisan 84 daga gefe ɗaya, dole ya zama 112 daga ɗayan. In bai yi ba, gyara katakon tun kafin ka jera bulo.